Yadda Ake Farfaɗo da Asfaragus da Ya Raunana a Lambun Gida

Asfaragus tsiron lambu ne mai tsawon rai, wanda ake cin tohonsa. Kunya ɗaya da ta samu kulawa tana iya ba da toho shekara 15 zuwa 20, don haka idan ta fara ja da baya tun tana shekara biyar ko shida, akwai abin da ke damunta, kuma sau da yawa abin mai gyaruwa ne. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: tohon da ake yanka ya koma siriri kamar tsinke, ko ya ragu sosai, ganye ya yi rawaya tun lokacinsa bai yi ba, kara yana karyewa daga tushe, wasu wurare a layin kuma sun zama fili ba abin da ke fitowa.

Kafin a taɓa komai, sai an san inda ƙarfin wannan tsiro yake. A ƙarƙashin ƙasa akwai dunƙulen gindi mai idanu a samansa, daga jikinsa kuma saiwoyi masu kauri suka bazu ko'ina. Waɗannan saiwoyin su ne rumbun tsiron. Tohon da ka yanka bana daga abincin da aka tara bara ya fito, abin da ke sake cika rumbun kuwa shi ne dogon karan nan mai lallausan ganye da ke tashi idan aka bar toho ba a yanke shi ba. Duk abin da ya rage wa wannan ganye kwanaki, ko ya ruɓar da saiwa, sai shekara mai zuwa za ka ga sakamakonsa. Haka gyara ma yake: aikin da ka yi yau ba zai nuna ba sai an zagayo.

Mataki na farko: ajiye wuƙa

Yawan yanka shi ne kan gaba wajen kassara asfaragus a lambun gida. Toho yana ta fitowa, mai lambu yana ta yanka, yana ganin ai tsiron ne ke da albarka, alhali ajiyarsa ce yake ƙarar da ita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: shekarar da aka dasa gindi ba a yanka ko ɗaya; shekara ta biyu a yi mako biyu kawai ko a haƙura gaba ɗaya; ta uku mako uku zuwa huɗu; daga ta huɗu ne ake kai mako shida zuwa takwas. Kuma ko a tsohuwar kunya, da zarar yawancin toho ya gaza kaurin fensir, wato ƙasa da santimita ɗaya, yanka ya ƙare ko da kwanakin ba su cika ba.

Kunyar da ta raunana a ba ta hutun shekara guda cur. Duk tohon da ya fito, siriri da mai kauri, a bar shi ya tashi ya buɗe ganye. Wannan shi ne matakin da ya fi wa mutane wuya, kuma in aka tsallake shi sauran aikin duk asara ne.

Mataki na biyu: tona ka ga gindin da idonka

Rawayar ganye ba ta faɗa maka dalili. Ƙishirwa tana kawo ta, yawan ruwa yana kawo ta, ruɓewar saiwa ma haka. Amsar tana ƙasa. Zaɓi gindi ɗaya daga cikin waɗanda suka fi lalacewa da wani guda da ke da dama-dama. Fara tonon daga gefe, kamar santimita 25 daga inda karan ya fito, da ƙaramin shebur, sannan ka ƙarasa da hannu har ka iso saman gindin da wasu saiwoyi. Kada ka kafa shebur a tsakiya, za ka datse idanun.

Saiwa mai lafiya tana da tauri, cike take, launinta fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske, idan ka karya ta cikinta fari ne mai danshi. Wadda ta mutu kuwa ta shafe, cikinta fanko, idan ka ja ta da yatsu sai ɓawon ya zare ya bar zare ɗaya a tsakiya. Samun 'yan matattu kaɗan a tsohon gindi ba abin damuwa ba ne, domin tsoffi na mutuwa sababbi na fitowa. Abin dubawa shi ne wanne ya fi yawa.

Daga nan sai ka yanki ɗan gefen gindin da wuƙa mai tsabta ka duba launin ciki:

- Idan fari ne mai tauri, gindin na da rai sosai. Matsalar daga yunwa ce, ko ciyawa, ko yawan yanka, ko cutar ganye, kuma duk suna gyaruwa.
- Idan akwai ja-ja ko ruwan ƙasa mai duhu a ciki, ga kuma jajayen tabo a jikin saiwoyi da tushen kara, wannan alamar cutar Fusarium ce, wata funfuna da ke zaune a cikin ƙasa shekara da shekaru.
- Idan ya yi laushi ya jiƙe yana wari, toho kuma yana fitowa a lanƙwashe da yauƙi a gefe ɗaya, ruwa ne ya kwanta, kuma mai yiwuwa cutar Phytophthora ta shiga.

Gindin da fiye da rabinsa ya ruɓe ba ya dawowa. Tone shi gaba ɗaya da ƙasar da ke manne da shi, a ƙone ko a zubar nesa, kada ya shiga ramin taki. Wanke shebur da wuƙa da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, kafin ka taɓa wani gindin. Fusarium ba shi da maganin da mai lambu zai zuba a ƙasa ya kashe shi, duk wanda ya ce maka akwai maganin, kuɗinka yake so. Sai dai cutar ta fi cin tsiron da ya galabaita, don haka gindin da ta ɗan taɓa yana iya ci gaba da ba da amfani shekaru idan aka cire masa sauran wahalhalu.

Tun da ka riga ka tona, auna zurfin ƙasar da ke kan gindin. Sababbin idanu suna fitowa ne a saman tsoffi, don haka gindi yana tasowa sama a hankali, ruwa kuma yana zaizaye ƙasar. Gindin da ya rage santimita 5 kacal a rufe yana ba da toho mai yawa amma sirara, rana da sanyi kuma suna dukansa. Ana son ƙasa santimita 15 a kansa idan rairayi ce, 10 zuwa 12 idan mai laka ce. In ya gaza haka, a ƙara ƙasa mai kyau haɗe da ruɓaɓɓen taki, santimita 5 a lokaci ɗaya, lokacin da tsiron yake hutu ko bayan kara ya yi tsawo.

Mataki na uku: ruwa, shigarsa da fitarsa

Asfaragus yana jure fari fiye da yadda yake jure kwanciyar ruwa. Don gwada ƙasarka, haƙa rami mai zurfin santimita 30 a gefen kunyar, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa, sannan ka auna. Idan ruwan ba ya sauka aƙalla santimita 2.5 a awa ɗaya, ƙasar na riƙe ruwa fiye da kima. Abin yi shi ne a haƙa lambatu mai zurfin santimita 25 zuwa 30 a ɓangarorin kunyar biyu, nesa da layin da kamar santimita 60, a ba shi gangara zuwa inda ruwan zai fice. Duba kuma ko indararo ko bututun wanke-wanke yana zuba kusa. Ba a gyara laka da zuba mata yashi kaɗan, ƙara mata tauri yake yi; ruɓaɓɓen taki da ake ƙarawa a kai duk shekara shi ke buɗe ta.

Idan ƙasar na tsanewa da kyau, to duba ko ƙarancin ruwa ne matsalar. Mutane da yawa suna ban ruwa lokacin yanka, da an daina yanka sai a manta da kunyar, alhali lokacin da ganye ke aiki ne ya fi bukata. Lita 25 a kowace murabba'in mita a mako ta isa idan ba a yi ruwan sama ba, a rairayi ko lokacin tsananin zafi a ƙara. A ba shi sau ɗaya ko biyu a mako ya ratsa ƙasa sosai, ya fi yayyafin kullum da ba ya wuce sama. A zuba a ƙasa da safe, kada a jiƙa ganyen.

Mataki na huɗu: ciyawa, har da wadda ba ta yi kama da ciyawa ba

Ganyen asfaragus ba ya rufe ƙasa sosai, shi ya sa ciyawa ke samun wurin zama. Masu illa su ne masu yaɗo ta ƙarƙashi irin su kiri-kiri da tofa da aya-aya, domin saiwarsu na kutsawa cikin gindin kanta. A jiƙa ƙasar kwana ɗaya kafin aikin, sannan a bi kowace da hannu ana zaro saiwarta. Fartanya kada ta wuce zurfin santimita 3 zuwa 5 a kan layi. Kowane rauni da ta yi wa gindi ƙofa ce ga Fusarium. Ba a gama wannan aiki a zama ɗaya. A riƙa komawa duk mako biyu ana cire abin da ya sake tsirowa, har ciyawar ta gaji.

Akwai kuma 'ya'yan asfaragus ɗin kansa. Tsiron yana da mace da namiji, macen tana yin ƙananan 'ya'ya masu ja idan sun nuna, su zuba su tsiro a tsakanin layi. Mai lambu sai ya ga kunya ta cika ya yi murna, amma waɗannan ƙanana cinkoso suke kawowa, suna raba ruwa da abinci da manyan, kuma su ne sau da yawa sirarren tohon da ake ta kuka da shi. Ana gane su da sauƙin tugewa da 'yar ƙaramar saiwarsu. A cire su duka, a bar tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin gindi da gindi.

Bayan an share, a lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa marar iri ko busasshen ganye, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili a kewayen kara. Game da tsohuwar dabarar nan ta barbaɗa gishiri don kashe ciyawa, gaskiya ne asfaragus yana jure gishiri fiye da yawancin kayan lambu, amma gishirin yana ɓata ƙasa, ya hana ta shan ruwa, ya kuma gangara ya kashe shukar maƙwabta. A bar shi.

Mataki na biyar: tsamin ƙasa kafin taki

Asfaragus ya fi son ƙasar da pH ɗinta, wato ma'aunin tsami da ke sauka idan tsami ya ƙaru, yake tsakanin 6.5 da 7.0. Idan ya sauka ƙasa da 6, tsiron ba ya cin moriyar takin da aka ba shi yadda ya kamata, Fusarium kuma ya fi ƙarfi a ƙasa mai tsami. Ɗebi ƙasa daga wurare huɗu ko biyar a zurfin santimita 15, ka gauraya, ka gwada da ɗan kayan gwajin da ake sayarwa ko ka kai ɗakin gwajin ƙasa. Idan ta nuna wajen 5.5, a barbaɗa garin laim na gona, wato farin garin da ke rage tsamin ƙasa, kamar giram 150 a murabba'in mita a rairayi, 250 zuwa 300 a ƙasa mai laka, a shigar da shi sama-sama da manjagara. Yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki, don haka sai a sake gwaji bayan wata shida kafin a ƙara. Tokar itace ma tana rage tsami, amma kada ta wuce giram 100 a murabba'in mita a shekara, kuma ba a zuba ta ko laim a ƙasar da ta riga ta kai 7.

Taki sau biyu ake ba shi. Na farko kafin toho ya fara fitowa: ruɓaɓɓen takin gargajiya kaurin santimita 3 zuwa 5 a shimfiɗe a kan kunya, da NPK 15-15-15 giram 30 zuwa 40 a murabba'in mita, wato babban cokali biyu zuwa uku. Na biyu lokacin da kara ya tashi yana buɗe ganye: ko a maimaita wannan adadin, ko a ba da yuriya giram 10 zuwa 12. A zuba a gefen layi, santimita 15 zuwa 20 daga kara, a bi da ruwa nan take. Kada yuriya ta haɗu da laim ko toka a lokaci ɗaya, sinadarin yuriyar zai tashi a iska. A bar mako uku tsakani. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona toho yana kuma kawo irin ciyawa. Kuma ninka taki ba ya gaggauta farfaɗowa, kara mai laushi kawai yake haifarwa, wanda iska ke kayarwa cuta kuma ta kama.

Mataki na shida: tsare ganyen har ƙarshen lokacinsa

Duba kunyar sau biyu a mako, ka fi mai da hankali ga tushen kara da cikin duhuwar ganye inda iska ba ta shiga.

Tsatsa tana fitowa kamar ƙananan ƙuraje a jikin kara da rassa. Idan ka shafa da yatsa sai gari ja-ja ya manne maka, daga baya ƙurajen su koma baƙi. Wata cutar kuma tana yin tabo masu siffar ƙwai, tsakiyarsu fari-fari gefensu shuɗi-ja, har ganyen ya kakkaɓe daga ƙasa zuwa sama. Dukansu suna son ganyen da ya daɗe a jiƙe, kuma suna kwana a busasshen karan bara. Maganin farko shi ne iska da tsabta: a rage cinkoso, a daina ban ruwa ta sama, a yanke karan da ya kamu sosai daga tushe a ƙone. Idan cutar na dawowa duk shekara, ana fesa mankozeb ko klorotalonil a kan ganye kawai, bayan an daina yanka, bisa adadi da tazarar da ke rubuce a jikin kwalin. Waɗannan magunguna kariya suke yi wa ganyen da bai kamu ba, ba sa warkar da wanda ya riga ya lalace, don haka da ganin tabon farko ake farawa.

Ƙwaron asfaragus ɗan ƙarami ne, kamar milimita 6, bayansa baƙi mai sheƙi da ɗigo-ɗigo masu launin madara, gefensa ja. Ƙwansa baƙaƙe ne, a tsaye suke a jere a jikin toho. Tsutsarsa mai launin toka da baƙin kai ita ce ke gaigaye ganye da ɓawon kara har reshe ya bushe. Ƙwaron yana da ɗabi'ar sakin jiki ya faɗo idan an taɓa reshe, saboda haka riƙe kwano da ruwan sabulu a ƙarƙashi ka girgiza, da sassafe kafin ya yi kuzari. Ƙwan kuma a murje shi da yatsa. In sun yi yawa, a fesa man darbejiya mililita 5 a litar ruwa da ɗigon sabulu, da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi, domin suna zuwa furen asfaragus sosai. Idan ka ga wani reshe ya dunƙule ya yi cunkus bai yi tsawo ba, duba shi da kyau, ƙananan kwarkwatar ganye ne masu launin toka-kore. A yanke reshen a fesa sauran.

Toho mai lanƙwasa ba kullum cuta ba ce. Duk abin da ya ji wa gefe ɗaya rauni, tsutsar ƙasa ko katantanwa ko dutse ko yashin da iska ke watsawa, yana sa wannan gefen ya tsaya ɗayan ya ci gaba da girma.

Karan yana kai mita ɗaya da rabi ko fiye, iska kuma tana jijjiga shi har ya tsage daga gindi. Kafa turaku a ɓangarorin layin biyu, tazarar mita biyu, ka ja igiya a tsayin santimita 60 da kuma mita ɗaya, karan ya tsaya a tsakani. Ba a aske saman ganye don ya yi kyaun gani. Idan kuma wata bishiya ta girma tana yi wa kunyar inuwa, a rage mata rassa, domin ana bukatar rana awa shida zuwa takwas.

Mataki na bakwai: sara da hutu

Ba a sare kara yana kore. Sai ya yi rawaya gaba ɗaya ya fara bushewa, lokacin abincin da ke jikinsa ya gama sauka ƙasa. Sannan a yanke shi dab da ƙasa, a kwashe duka a ƙone idan an ga cuta ko ƙwaro a shekarar.

Inda ake sanyi mai tsanani, sanyin ne ke sa tsiron hutu. Inda babu shi, asfaragus yana ta fitar da toho ba tsayawa har ya gaji, don haka sai an yi masa hutun da gangan. Hanya ɗaya ita ce a janye ruwa kamar wata guda a lokacin rani har ganyen ya bushe, a sare, a zuba taki, a dawo da ruwa. Da irin wannan dabarar ake noma shi a busassun yankunan gaɓar tekun Peru. Amma tsiron da ke farfaɗowa kada a yi masa haka sai ganyensa ya yi aƙalla wata biyar yana aiki. Hanya ta biyu, wadda aka saba da ita a Taiwan da Tailan, ita ce a bar kara uku zuwa biyar masu ƙarfi a kowane gindi su zama iyaye, a riƙa yanka tohon da ke fitowa bayansu, idan iyayen suka tsufa suka fara rawaya a sare su a bar sababbi su maye gurbinsu.

Komawa yanka, ko sauya wuri

A shekarar da ta biyo bayan hutun yanka na shekara guda, duba tohon farko. Idan yawancinsa ya kai kaurin fensir ko ya fi, a yanka na mako biyu zuwa uku a tsaya. Shekara ta gaba a kai mako huɗu, sannan a koma yadda aka saba. Idan har yanzu sirara ne amma sun fi bara yawa da tsawo, a ƙara shekara guda. A riƙa karya toho da hannu a saman ƙasa, ko a yanka dab da ƙasa, domin wuƙar da ake cusawa ciki tana sare idanun da ba su fito ba.

Idan an yi shekara biyu ana wannan kulawa ba canji, ko fiye da rabin gindin da ke layin sun mutu, kunyar ta gama. Kada a cike gurbin da sababbin gindi, kuma kada a sake dasa asfaragus a wurin: Fusarium na nan a ƙasar, tsoffin saiwoyin kuma suna sakin wasu sinadarai da ke hana sabon asfaragus girma. A bar wurin ga wasu kayan lambu aƙalla shekara huɗu, in an fi haka ya fi. Sabuwar kunya a yi ta a wani gefe mai rana da tsanewar ruwa, da gindi 'yan shekara ɗaya masu tauri marasa tabo, a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20. Daga cikin ire-iren asfaragus, UC 157 ya dace da wurare masu zafi, Jersey Knight yawancinsa namiji ne kuma yana da juriya ga tsatsa da Fusarium, Millennium kuwa an san shi da jure sanyi da ƙasa mai nauyi. Kada a ɗebo gindi daga tsohuwar kunyar zuwa sabuwa ko da ya yi kama da mai lafiya, domin cutar na bin ƙasar da ke jikinsa.